Wasan da ba ya buƙatar bayani

Aikin gwada wasannin bidiyo kafin su fita kasuwa ba shi da daɗi kamar yadda ake zato. Ɗaki ɗaya za ka yi ta shiga kana fita, kana karo da bango da gangan ko za ka gano inda ya ɓule. Amma a nan na koyi bambance wasan da ya nuna da wanda kwalliya kawai aka yi masa.

Babban darasin shi ne kame baki. Idan aka kawo baƙon da bai taɓa ganin wasan ba, sai a miƙa masa hannun gem, wato na'urar da ake sarrafa wasan da ita, mu koma bayansa mu yi tsit. Za ka ga yana ta kewaya ƙofar da ke gabansa, kai kuma bakinka na ƙaiƙayi. Ba dama ka ce uffan, domin ranar da wasan ya shiga gidajen mutane ba ka nan. Duk inda baƙon ya tsaya yana sosa ƙeya, gyara na kanmu.

Da wannan idon na sake kallon matakin farko na Super Mario Bros., wanda Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka suka tsara a kamfanin Nintendo na Japan a 1985. An ajiye Mario, ɗan mutumin da kake sarrafawa, a hagu, gabansa fili fetal, don haka ba sai an ce maka ka nufi dama ba. Ga wani ɗan dodo yana tahowa: ko ka yi tsalle ko ka mutu, ka ga ka koyi tsalle ke nan. Sai ka doki akwati da ka, laimar kwaɗi ta fito, ta gangaro, ta bugi bututu ta juyo kanka. Za ka so ka tsere mata don ta yi kama da dodon ɗazu, amma tubalan da ke saman kanka sun tare hanya. Tana taɓa ka sai ka ƙara girma. Ba a rubuta maka bayani ko layi ɗaya ba. Kuma duka wasan ɗan ƙaramin fayil ne, kilobayit 40 kacal, har gajimare da ciyayi ma zane ɗaya ne aka sauya masa launi.

Pac-Man na Toru Iwatani, da kamfanin Namco ya fitar a 1980, nasa sirrin yana wajen fatalwowi huɗu da ke farautar mai wasa. Ja yana bin ka kai tsaye, mai ruwan hoda yana neman shan gabanka, mai ruwan lemo kuwa in ya matso sai ya karaya ya koma lungunsa. Ƙa'idoji ne 'yan kaɗan, amma mai wasa ji yake kamar da gaske ake farautarsa.

Su wa ke yin irin waɗannan? Galibi mutane ƙalilan ne da kayan aiki marasa ƙarfi. Alexey Pajitnov ya ƙirƙiri Tetris a Mosko a kan kwamfutar Elektronika 60, wadda ba ta iya nuna hoto, sai ya haɗa tubalan wasan da alamomin rubutu. Haƙƙin wasan na gwamnatin Tarayyar Sobiyet ne a lokacin, Pajitnov bai fara cin moriyarsa ba sai 1996. Doom na 1993 'yan tsirarun ma'aikatan kamfanin id Software ne suka yi shi, ciki har da John Carmack da John Romero. Minecraft kuma Markus Persson ya fara shi shi kaɗai a Suwidin a 2009, kafin Microsoft ya sayi kamfaninsa a 2014 kan dala biliyan 2.5.

Ban ce manyan kamfanoni masu ɗaruruwan ma'aikata ba sa yin abin kirki ba, suna yi. Sai dai a rahotona yanzu kyan hoto a ƙasa yake zuwa. Abin da nake fara rubutawa shi ne ko tsalle na amsawa da zarar an danna maɓalli, da kuma ko wanda ya faɗi ya san dalilin faɗuwarsa har ya ce bari ya sake.