Zanzaro ne ya hana tankina shan mai

Kusan wata guda na yi ina zargin 'yan gidan mai. Duk inda na tsaya, da yaro ya zura kan famfo, ko lita biyu ba ta gama shiga ba sai ka ji ƙas, famfon ya katse kamar tanki ya cika, alhali allurar mai tana kwance. Haka za a yi ta ɗura shi kaɗan-kaɗan kamar ana ba jariri magani, na baya suna ta danna min hon. Wani yaron har cewa ya yi, "Alhaji, motar nan taka a ƙoshe take."

Bakaniken farko ya ce famfon cikin tanki ne. Allah ya sa ban biye masa ba, don wannan aikinsa tura mai zuwa inji, ina ruwansa da shigar mai?

Na biyun dattijo ne mara son magana. Ya jona kwamfuta, ta nuna P0446, lambar da ke nufin matsala a hanyar fitar iskar tanki, sai ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar. Daga can yake min bayani: in mai zai shiga, dole iskar da ke cikin tanki ta samu hanyar fita. Motocin Amurka irin tawa, ƙirar 2008, iskar ba ta bakin tanki take fita ba. Ta tiyo take bi zuwa wani baƙin akwati mai cike da gawayi, kanista suke ce masa. Gawayin ya riƙe tururin fetur, iskar ta wuce ta wani bawul ta fice. In hanyar ta toshe, mai ya taso wuyan tanki, kan famfo ya zaci an cika.

Ya zare tiyon ƙarshe, ya hura da baki, ko kaɗan iska ba ta wuce ba. Da ya zura waya sai ga busasshen laka na zubowa, har da matattun tsutsotsi. Zanzaro ne ya yi gini a ciki, lokacin da na ajiye motar wata uku da damina.

Bai ƙyale ni haka ba. Ya sauke kanistan, ya jinjina shi a hannu, ya shinshina.

"Alhaji, kana jijjiga mota in ana zuba mai ko?"

Na yi shiru. Tun zamanin layin mai na saba, sai na ga fetur a baki nake yarda. Ashe rarar nan cikin gawayin take gangarawa ta jiƙa shi, shi kuwa don tururi kawai aka yi shi.

Da yamma na sha lita arba'in, famfo bai katse ba sai a ƙarshe. Yaron ya dafa bayan motar zai jijjiga, na ce masa bar ta.