A cire min kalmar sirri, a kashe min sabuntawa

Duk wanda ya daɗe yana kula da kwamfutocin ofisoshi da shagunan buga takardu ya san buƙatu biyu da ba sa ƙarewa. Ta farko: "Injiniya, cire min kalmar sirrin nan, kullum sai ta tsayar da ni." Ta biyu: "Don Allah kashe min abin nan da ke cewa in jira, kada in kashe kwamfuta." Wannan ta biyun sabuntawar Windows ce, gyare-gyaren da kwamfuta ke saukewa daga intanet ta saka wa kanta. Galibi mutum guda ne ke kawo su tare, yana ganin ƙananan abubuwa ne, kuma da gaskiyarsa, kowanne bai wuce aikin minti biyu ba. Abin da aikin ya nuna min a hankali shi ne saitin biyun tambaya ɗaya suke amsawa: me kwamfutar za ta yi idan ba kowa a gabanta, kuma wa ya yanke mata wannan shawarar?

Ban taɓa ganin laifin masu wannan roƙo ba. Mai shago ya tayar da janareta, mai na ƙonewa, mutum uku na tsaye da filashi a hannu, ɗaya yana sauri zai kai takarda kafin a tashi daga ofis. An kunna kwamfuta, sai ga shuɗin allo da ɗigo-ɗigo suna zagaye, ta tsaya a kashi 30 cikin ɗari ta ƙi gaba ta ƙi baya. Ga kuɗin data: sabuntawar wata-wata kan ci ɗaruruwan megabait, babbar ta shekara kuwa gigabait da dama. Wanda ya tsara Windows ya ɗauka kwamfutarka na kwana a kunne, da wuta, da intanet marar iyaka. Tamu ba haka take kwana ba.

Bari in fara da shiga ba tare da kalmar sirri ba. A Windows hanyar da kowa ya sani ita ce a danna maballin Windows da R, a rubuta netplwiz, a cire alamar da ke akwatin nan mai cewa dole mai amfani ya shigar da suna da kalmar sirri. A Windows 11 da sababbin Windows 10 akwatin yakan ɓace, har sai an je saitin asusu an kashe zaɓin da ke cewa da Windows Hello (wato lambar PIN, zanen yatsa ko fuska) kaɗai za a riƙa shiga. Yara masu koyon aiki suna sha'awar wannan dabara, ni ma na yi sha'awarta a lokacina. Sai dai kalmar sirrin ba cire ta aka yi ba. Ajiye ta aka yi a cikin kwamfutar domin ta riƙa rubuta wa kanta. To ina aka ajiye ta?

Idan ta hanyar rajistar Windows aka bi, ma'ajin da take adana saituttukanta, wato aka shiga wurin da ake kira Winlogon aka sa AutoAdminLogon ya zama 1, kalmar tana zaune a DefaultPassword a fili, harafi bayan harafi, ba wani ɓoyo. Akwai wani Alhaji mai shagon buga kati da kalanda da ya ƙi yarda da wannan magana, sai na buɗe masa wurin a kwamfutarsa, wadda wani ya saita masa tun da daɗewa. Ya sunkuya, ya gyara tabarau, ya karanta sunan 'yarsa da shekarar haihuwarta a allo. Ya ɗago ya ce, "Kai, ai ita ce ta imel ɗina." Na ce, "Ranka ya daɗe, duk yaron shagon nan da ya san wannan wurin ya karanta ta." Hanyar netplwiz da ƙaramar manhajar Autologon ta Sysinternals sun fi wannan dama-dama, domin suna ɓoye kalmar a wani ma'ajin sirri na Windows. Amma Microsoft da kanta ta faɗa cewa mai asusun shugaba (administrator), wanda ke da cikakken iko a kan kwamfutar, zai iya fito da ita. A shagunanmu kuwa kusan kowa da asusun shugaba yake aiki.

Ko a bar batun kalmar ma, a dubi abin da ke bayan ƙofar. Burauza a buɗe take da Gmail ɗin mai shago, da WhatsApp ɗinsa, wani lokaci har da shafin banki. Fuskar kwamfutar cike take da kayan mutane: takardun NIN, hotunan fasfo, sakamakon WAEC, takardun filaye da aka kawo sikanin aka manta ba a goge ba. Waɗannan ba na mai shago ba ne, amana ce. Wasu kan ce ai kwamfutarsu na da BitLocker, tsarin Windows mai kulle duk abin da ke faifan ajiya, komai a kulle yake. A yawancin kwamfutoci ɗan guntun tsaro da ke cikinsu, wanda ake kira TPM, ne ke buɗe faifan da kansa idan an kunna, sai allon kalmar sirri ya zama shi kaɗai ne shinge. Ka cire shi, ka sa kwaɗo ke nan ka bar makullin a jiki. Ɓarawon da ya ɗauke laftof ɗin maballi ɗaya zai danna.

Na fi gane wannan da na ga yadda sauran tsare-tsare ke yi. A kwamfutar Mac, muddin FileVault, wato irin nata BitLocker, na kunne, ba za ta ba ka damar shiga kai tsaye ba sam. A Ubuntu, wani nau'in Linux da ake sawa a madadin Windows, za ta ba ka, layi biyu ne a fayil ɗin saitin allon shiga ko maballi ɗaya a saitin masu amfani, amma da ka buɗe Chrome sai ta tare ka ta ce ka kawo kalmar sirri ta buɗe ma'ajin makullai, tunda kalmar da ba ka rubuta ba ita ce ke buɗe shi. Mutane na kawo wannan a matsayin lalacewa. Lafiyarta ƙalau, aikinta take yi.

Duk da haka akwai inda shiga kai tsaye ita ce daidai, kuma ina saita ta ba tare da wata damuwa ba. Allon da ke nuna lambobin layi a wurin jira, kwamfutar da firinta ke jone da ita, kwamfutocin ɗakin koyon ɗalibai: waɗannan so ake su dawo bakin aiki da kansu duk lokacin da aka kawo wuta. Har a BIOS, saitin da ke tayar da kwamfuta kafin Windows ta buɗe, nakan sa su tashi da zarar wuta ta dawo. Sharaɗina ɗaya ne: asusun da zai buɗe kansa ya kasance ƙarami, na cikin kwamfutar kawai, ba na Microsoft ba, ba shi da ikon saka manhaja, ba imel ɗin kowa a ciki, kuma kalmar sirrinsa ba a amfani da ita a ko'ina. Asusun shugaba daban, da kalmarsa mai ƙarfi, a hannun mai wurin. In ana son shigarsa, a fita daga ƙaramin, ko a riƙe maballin Shift lokacin da kwamfutar ke tashi. Shi kuwa Alhajin kalanda, lambar PIN na sa masa. Lambar ba ta aiki sai a wannan kwamfutar, ko an leƙa an gani ba za a buɗe imel da ita a wani wuri ba. Ashe ba tsaron ne ya dame shi ba, tsawon rubutun ne.

Akwai wani saiti da ke tsakanin batutuwan biyu wanda yakan tsorata mutane. Windows na da zaɓin amfani da bayanan shigarka ta ƙarasa saiti bayan sabuntawa. Ta sake kunna kanta, ta shiga asusunka, ta ƙarasa, sannan ta kulle allon. Da safe mutum ya rubuta kalmarsa ya tarar wasu manhajojinsa sun riga sun buɗe, sai ya fara zargin mai gadi. Wannan nakan bar shi a kunne a kwamfutar mutum ɗaya, in kashe a ta taron jama'a.

Sabuntawa ce ta fi wuyar sha'ani, domin kowane ɓangare na da hujja mai nauyi. Wanda ke son kashewa gaba ɗaya nakan ba shi labarin WannaCry. Ranar 14 ga Maris 2017 Microsoft ta fitar da gyaran wata kafa a hanyar da kwamfutocin Windows ke musayar fayil. Ranar 12 ga Mayu, kusan wata biyu bayan nan, wannan muguwar manhaja ta bi ta kafar ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe kusan 150 tana neman kuɗin fansa. Ba sai mutum ya danna komai ba, da kanta take tsallakawa daga wannan kwamfuta zuwa waccan. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke dubban ganin likita da tiyata. Abin ya kai Microsoft ta fitar da gyara har wa Windows XP, wadda ta daina kulawa da ita tun Afrilun 2014. Maganin yana nan tun kafin cutar ta zo, waɗanda abin ya ci ba su sha ba ne.

Amma mai tsoron sabuntawa shi ma ba mafarki yake yi ba. Babbar sabuntawar Windows 10 ta Oktoban 2018 ta goge wa wasu mutane fayilolinsu, har aka janye ta aka sake fitarwa a Nuwamba. A Maris 2021 wata ta fito da ta sa kwamfutoci faɗuwa da shuɗin allo da zarar an tura aiki zuwa wasu firintoci, ciki har da na Kyocera. Ka yi tunanin shagon da firinta ce abincinsa. Ranar 19 ga Yulin 2024 kuma, sabuntawar manhajar tsaro ta CrowdStrike, wadda ba ta Windows ba ce amma ita ma da kanta take sauka, ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan takwas da rabi, jirage suka kasa tashi, bankuna suka tsaya. Saboda haka ban yarda da masu cewa a bar komai ya sauka yadda ya ga dama ba, kamar yadda ban yarda da masu kashewa ba.

Abin da ya sauƙaƙa min shi ne sanin cewa abin na da rana. Tun 2003 Microsoft ke fitar da gyare-gyaren tsaro a Talata ta biyu ta kowane wata, da ƙarfe goma na safe agogon yammacin Amurka, wato shida ko bakwai na yamma a nan Najeriya, gwargwadon lokacin shekara. Shi ya sa safiyar Laraba da Alhamis na wannan makon ne wayata ta fi ƙara. Da na riƙe wannan, sai na daina faɗa da sabuntawa, na koma sa mata lokaci. Windows na yarda a dakatar da ita har mako biyar, bayan nan sai an saka kafin a sake dakatarwa. Nakan dakatar kafin Talatar, in bar kwanaki kaɗan su wuce a ji ko wani abu ya fashe a duniya, sannan in saka a kwamfuta ɗaya, in buga shafi, in yi sikanin, in buɗe manhajar da shagon ya dogara da ita. In komai lafiya, sauran su bi, a lokacin da aka zaɓa: ranar Juma'a idan an rufe za a tafi masallaci, ko da yamma bayan an sallami mutane, inbata a cike ko UPS na jone. Wuta ta ɗauke a tsakiyar sabuntawa ba abin wasa ba ne, musamman idan ta BIOS ce.

Sa'o'in aiki ma a saita su. Windows na ba da har awa 18 da ba za ta sake kunna kanta ba. Amma a tuna, idan kullum ana kashe soket da an tashi, ba ta da wani lokaci sai safiya, a gaban kwastoma. Wanda bai ba ta lokaci ba, ita za ta zaɓar masa. Batun data kuma, a nuna mata cewa layin intanet ɗin na awo ne, za ta rage abin da take saukewa, kuma a kunna zaɓin da ke barin kwamfutocin da ke kan layi ɗaya su karɓa daga junansu, kada kowacce ta ci nata kuɗin daban. Masu Windows Pro na da ƙarin iko: za su iya jinkirta gyaran wata-wata har kwana 30, babbar sabuntawa har shekara guda. Idan babbar ta ɓata wani abu, akwai kwana goma na komawa tsohuwar.

Dabarar shiga cikin hidimomin Windows a kashe Windows Update ɗungurum, wadda ake koya wa juna a kasuwa, ba na yin ta. Sau da yawa Windows na sake kunna ta da kanta, sai abubuwan watanni su taru su sauko rana ɗaya. In kuma an yi nasarar kashe ta da wata manhajar da aka kwaso a intanet, an ba wa manhajar da ba a san mai ita ba ikon shugaba a kwamfutar da ta daina samun gyara. An gudu ba a tsira ba.

Yanzu wata matsala ta shigo da saiti ba ya warwarewa. Ranar 14 ga Oktoban 2025 wa'adin Windows 10 ya cika. Akwai shirin ƙarin wa'adi na gyaran tsaro ga wanda ya yi rajista, amma na ɗan lokaci ne. Da yawa daga kwamfutocin gwanjo da ke shagunanmu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, ko dai babu TPM 2.0, ko ƙwaƙwalwar (processor) ta tsufa. Masu su na murna cewa allon jira ya daina damunsu. Wanda aikinsa bai wuce burauza da rubutu ba nakan sa masa Linux Mint ko Ubuntu, in bar sabuntawar tsaro ta riƙa sauka da kanta, tunda ba ta cika tsare mutum a bakin allo ba. Wanda ya ce ba zai rabu da manhajar zane ta CorelDRAW ba, sai mu raba aiki: tsohuwar kwamfutar ta zauna a kan zane da bugu, a cire mata wayar intanet, a manta mata da Wi-Fi, imel da WhatsApp da rajistar mutane su koma kan wadda har yanzu ake yi wa gyara.