Mita 600 a Ajyad, da abin da na koya wajen zaɓa wa mutane masauki a Makka

Ina cikin shekarata ta biyu a wata ajans ta Hajji da Umra nan Yamai patron ya fara bar mini zaɓen masauki. Kafin nan aikina karɓar fasfo ne da cike takardu da raka mutane filin jirgin Diori Hamani in tsaya sai sun shige. Ranar da ya ce mini kai za ka nemo mana otel na rukunin Sha'aban kuma kai za ka raka su, wallahi na ji daɗi sosai, na zauna gaban kwamfuta na buɗe taswirar Makka na sa Harami tsakiya na shiga auna mitoci. Na samu wani otel a unguwar Ajyad, an rubuta mita 600 zuwa Harami, kuɗinsa da sauƙi, hotunan ɗakuna tsaf, ga klim ga asansar. Na yi lissafi da ƙafar mutumin Yamai, mita 600 ai ko taksi ba ka tsayarwa, ni kuma a Tahoua na tashi inda tafiya gona da ƙafa ba a ƙirga ta cikin wahala. Na kai wa patron ya duba farashi ya ce madalla, muka biya.

Rukunin mutum 28 ne, kuma fiye da rabi dattawa, yawanci mata daga Tahoua da Illela da Ƙonni da Madawa, waɗanda ƴaƴansu suka biya musu. Mun taso daga Jidda da dare cikin kar, wato babbar mota, muka shiga wani rami da aka huda cikin dutsi muka fito muka sake shiga wani, tun nan na fara jin garin nan bai yi kama da taswirata ba. Da muka iso direba ya tsaya ƙasa ya ce titin sama ba ya ɗaukar babbar mota, sai dai mu sauka. Na ɗaga kai na hango sunan otel ɗinmu yana haske can sama kamar an rataye shi. Da hannu muka ja jakunkuna.

Akwai wata tsohuwa cikinmu ƴar wajen Illela, za ta kai shekara 70, Inna nake ce mata, ɗanta da ke kasuwanci a Kwatano shi ya biya mata. Daren nan muka sauka muka yi Umra, saukar ba ta dame ta ba don gangara ce kuma ga ɗoki, tana tafe tana kuka tana talbiya. Ta yi ɗawafi bakwai, ta yi Safa da Marwa bakwai wanda shi kaɗai ya kusa kilomita 3, duk da ƙafarta ta yi, ba ta yarda a tura ta a keke ba. Wajen ƙarfe biyu na dare muka kamo hanyar komawa, mun yi kamar rabin hawan sai na waiwaya ban gan ta ba, na koma na tarar da ita zaune kan dakalin wani kanti da aka rufe, ta cire takalmanta ta ajiye gefe, ta rungume gorar zamzam a ƙirji tana numfashi da baki. Ta ce "ɗana, saura nawa?" Na ce "kaɗan ya rage Inna." Ta ɗaga kai ta dubi fitilar otel ɗin ta yi shiru. Sau uku muka zauna kafin mu kai.

Washegari da Asuba ba ta sauko ba, Azahar ma haka. Cikin kwanakin da muka yi a Makka sau ɗaya take zuwa Harami a rana, ta sauka kafin Magariba ta zauna har Isha'i sannan mu hau a hankali ina riƙe da hannunta, sauran sallolin a ɗaki. Rana ta huɗu na shiga gaishe ta na iske ta kan darduma tana fuskantar bango, ta ce mini "ɗana ga ni ƙofar ɗakin Allah amma ina salla kamar ina Illela." Ba faɗa ta yi mini ba, addu'a ma ta sa mini bayan haka, amma maganar nan har yau in zan biya kuɗin otel sai ta faɗo mini. Matar nan shekara nawa tana jiran wannan tafiya, kuma ba lallai ta sake samun ta biyu ba, ni ne na zauna a biro na rage mata salla uku kullum a gaban Ka'aba.

Abin da ban sani ba a lokacin, kuma laifina ne don tambaya ɗaya za ta ishe ni, Harami a cikin kwari yake. Ko cikin Alƙur'ani, Suratu Ibrahim aya ta 37, kwari aka ce da wurin, kwarin da ba shi da shuka. Duwatsu ne suka kewaye shi, Abu Ƙubais na nan jikin Safa, Jabal Umar na yamma, can nesa kuma ga Jabalun Nur mai kogon Hira da Jabal Saur. Shi ya sa da can in an yi ruwa mai yawa sai ya gangaro ya taru a masallaci, a 1941 har iyo mutane suka yi kewayen Ka'aba. To ke nan daga unguwanni da yawa zuwa Harami gangara ne dawowa kuma hawa, kuma dawowar kullum ita ke zuwa bayan mutum ya gama gajiya. Taswirar da ke cikin waya daga sama take kallon gari, ba ta nuna maka tudu, layi ɗaya take ja maka ta ce mita kaza.

Kuma mitocin ma da ake rubutawa sau da yawa bakin farfajiyar waje suke tsayawa. Daga nan sai ka ratsa farfajiya, ka nemi ƙofar da ke buɗe, in ƙasa ta cika askarawa su juya ka bene na sama, kafin ka ga Ka'aba da idonka ka ƙara wasu ɗaruruwan mitoci da ba wanda ya sa cikin talla.

Akwai wani dattijo ɗan Buza cikin rukunin, ranar farko ya ce mini kar in damu da shi su cikin dutsi aka haife su. Gaskiya ya faɗa, duk wanda ya san Adar ya san Buza da Keita ƙasar duwatsu ce. Amma hawan gida sau ɗaya ne ko biyu a rana kuma kana iya jira rana ta yi sanyi, nan kuwa sau biyar ne, lokacin salla ke kiranka ba kai ke zaɓa ba, Azahar da La'asar kwalta na tururi. Rana ta uku gwiwoyinsa suka kumbura na je farmasi na sayo mishi man shafawa. Mu ƴan Nijar muna ganin wanda ya sha zafin Afrilu a Tahoua ba abin da zai ba shi tsoro, to a Hajjin 2024 cikin watan Yuni zafi ya kai 51.8 a Harami kuma sama da mutum 1,300 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Zafi da hawa in suka haɗu kan tsoho mai tansiyon ko ciwon sukari ba abin wasa ba ne.

Tun a tafiyar nan na fara abin da ya kamata a ce na yi tun farko. In na kai mutanena ɗaki sai in fita ni kaɗai in bi unguwanni da ƙafa ina duba agogo. Na bi titin Ibrahim Khalil na gangara Misfala, sai na ga hanyar a miƙe take kusan a shimfiɗe, don ita Misfala cikin bakin kwarin take ta kudu, sunanta ma daga ƙasa-ƙasa ya samo asali, kamar yadda Ma'ala inda maƙabartar da aka rufe Nana Khadija take ita ce ta sama. Otel mai kilomita ɗaya a kan wannan titi ya fi wa tsoho sauƙi nesa ba kusa ba a kan mita 600 ɗina na Ajyad, ga kantuna da wuraren zama a hanya, ga Hausa kana ji ko'ina, mai neman tuwo ba zai rasa ba. Amma ko a Misfala sai ka yi hankali, da ka bar babban titi ka shiga lungu na gefe hawa ya fara, otel biyu suna iya zama unguwa ɗaya suna ɗaya a takarda, ɗaya bakin titi ɗaya kan tudu. Ajyad ɗin ma ba duka ce haka ba, na ƙasa-ƙasanta kusa da ƙofar Sarki Abdul'aziz lafiya lau suke, sai dai kuɗinsu ba irin na wanda na ɗauka ba ne, a nan na gane dalilin arahar da na yi ta murna da ita.

Manyan otel-otel na jikin Harami, na benen agogo mai tsawon mita 601 da na Jabal Umar, waɗannan kam wanda Allah ya hore wa ba shi da matsalar tudu, amma yawancin mutanenmu ba nan aljihunsu ya kai ba. Ko can ɗin akwai jiran asansar. Wannan ma darasi ne da na koya daga baya, yanzu ina tambayar bene nawa ne otel, asansar nawa gare shi, don in mutum ɗari biyar za su sauko lokaci ɗaya saboda kiran salla kuma asansar uku ne to tsohuwa tana iya tsayuwar minti ashirin a bene na goma sha biyar har a tada iƙama.

Sai maganar unguwannin nesa masu motar jigila, irin su Kudai da Aziziyya da Mahbas. Da farko ina ƙinsu, ina ganin duk abin da ya haɗa da mota wahala ne. Yanzu na sassauta, don motar da ke bi ta ramin dutsi tana sauke mutum kusa da Harami cikin ƴan mintoci yana zaune, kuma ɗakunan can sun fi faɗi sun fi araha. Matsalarsu bayan Isha'i ce da bayan Juma'a, lokacin da kowa ke son komawa tare, turereniya ake yi a bakin mota, mai ƙarfi ya shiga tsohuwa ta tsaya. In zan sa dattawa can to sai in haɗa su da samari cikin rukuni ɗaya, in kuma ce musu su zauna cikin masallaci su ƙara rabin awa sai cunkoso ya ragu. Goman ƙarshe na azumi kuwa ban yarda in kai tsoho unguwar mota ba in dai da yadda zan yi.

Lokacin Hajji lissafin gaba ɗaya canzawa yake. Aziziyya da ake rainawa a Umra ita ce jikin Mina, daga wasu wurarenta da ƙafa ake zuwa jifa, kuma a kwanakin nan motocin jigila zuwa Harami su kan tsaya, hanyoyi a rufe. Saboda haka kafin in ce unguwa kaza ta fi sai na san mi mutum ya zo yi, wane wata ne, kwana nawa zai yi. Madina ba ta ba ni wannan ciwon kai, kewayen masallacin Annabi (SAW) shimfiɗe yake, mita 500 a can mita 500 ne.

Yanzu ba na biyan otel a Makka sai ɗayan biyu, ko na taka hanyarsa da ƙafata, ko wakilinmu na can ya ɗauko mini bidiyo da waya tun daga ƙofar Harami har ƙofar otel, ta hanyar dawowa, ba tare da ya yanke ba. Ina kallon mintocin, ina kuma sauraren numfashinsa, in na ji ya fara haki shi da yake saurayi to na san amsar. Wasu dillalan ba su son wannan, su kan ce ai an rubuta mitocin, ni kuma in ce a bar shi kawai.

Satin da ya wuce wani ɗan kasuwa daga Katako ya zo biro zai biya wa mahaifiyarsa Umra, ya shigo da hoton wani otel a wayarsa ya ce Malam wannan nake so, ka ga mita 500 ne kuma ya fi wanda ka faɗa mini araha da kusan jikka ɗari. Na san titin, na taɓa hawansa. Na ce Alhaji zauna tukuna, Hajiya tana salla a tsaye ko a zaune? In za ta je gidan biki cikin kartiye da ƙafa take zuwa ko sai an kai ta? Tana hawa bene? Ya yi shiru ya ce gaskiya tun bara take kukan gwiwar hagu amma ba ta son a sani. Na juyo mishi kwamfuta na kunna bidiyon hanyoyin biyu, ya kalli na farko har ƙarshe, na biyu, na otel ɗin da ya zo da hotonsa, ko rabi bai kai ba ya ce in tsayar, ya fiddo waya ya ce bari ya kira ƙanwarsa da ke zaune da ita ya ji gaskiyar ƙafar.