Hadda Kaɗai Ba Ta Kai Ɗalibin Bayokemistiri Gaci

Duk ɗalibin da ya shiga aji biyu a sashen bayokemistiri ko na likitanci a Jami'ar Jos ya san taswirar nan mai cike da kibiyoyi, wadda ke nuna yadda jiki yake sarrafa abinci ya mayar da shi ƙarfi. Hanyar farfasa sukarin gulukos, wato gilaikolisis, tana da matakai 10, kowanne da enzayim ɗinsa (furotin da ke hanzarta aikin matakin), sannan a shiga zagayen da masanin kimiyya Hans Krebs ya bayyana a 1937 mai matakai 8. Da yawanmu mun taso da al'adar hadda, don haka sai mu kama sunayen nan mu yi ta biyawa har dare ya raba, a zubar da su a takardar jarrabawa, bayan mako biyu kuma babu ko ɗaya a ka.

A ganina, taswirar ba ta zama a zuciya sai an tambayi kowace kibiya: wace bukata ce ta ƙwayar halitta take biya? Da zarar gulukos ya shiga ƙwaya, ana manna masa fosfet, kuma daga nan yana tsaye ne kamar mota a Mararrabar Jama'a, domin hanya ta rabu. Ko a ƙona shi a sami makamashin ATP, ko hanta ta adana shi a matsayin gilaikojin don lokacin yunwa ko azumi, ko kuma ya bi wata ƙaramar hanya da ɗalibai suke yawan tsallakewa, wadda enzayim ɗin G6PD yake buɗe ƙofarta.

Wannan ƙaramar hanya ita ce ta fi damuna. Jajayen ƙwayoyin jini ba su da mitokondiriya, wato ɓangaren ƙwaya mai samar da makamashi, kuma ta wannan hanya kaɗai suke samun sinadarin NADPH da ke kare su daga lalacewa. Kimanin mutum miliyan 400 a duniya suna da ƙarancin G6PD, abin ya yawaita a Najeriya, ya kuma fi kama maza saboda gadonsa yana kan kuromosom X, wanda namiji yake da guda ɗaya kawai. Mai shi yakan yi rayuwarsa lafiya lau har sai ya gamu da wani abu kamar maganin zazzaɓin cizon sauro na firimakwin, wanda ta dalilinsa aka gano matsalar a 1956, ko kuma ƙwallayen kafur.

Kafur ɗin nan dai shi ne wanda iyayenmu mata suke jefawa cikin akwatin kayan jariri don korar kyankyasai. A ciro rigar suna tana ƙamshinsa, a sa wa yaro mai ƙarancin G6PD, sinadarin naftalin da ke cikin kafur ɗin ya shiga jikinsa, ƙwayoyin jininsa su fara fashewa, bilirubin, sinadarin da fashewar take haifarwa, ya taru, idanu su yi ɗorawa. Sai a ce shawara ce, a kama jiƙe-jiƙe ko a shanya shi a hantsi, alhali idan abin ya yi yawa yana iya taɓa ƙwaƙwalwa har abada.

Ɗalibin da ya fahimci wannan ba zai manta amfanin NADPH ba, kuma zai iya zama gaban yayarsa mai jego ya yi mata bayani da Hausa. Shi ya sa nake roƙon malamanmu su riƙa fara darasi da majinyaci kafin su zana kibiyoyi a allo, su kuma yi tambayar jarrabawa a kan abin da zai faru idan enzayim ɗaya ya gaza, maimakon jera sunaye.