Ƙannena masu fama da ciwon da ya ƙi tafiya

Ƙannena, idan ciwo ya haura wata uku bai sake ku ba, ku daina jiran ya tafi da kansa. Wata ukun nan shi ne ma'aunin likitoci, kuma tun 2022 kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wato ICD-11, ya ba ciwo mai daɗewa gurbinsa na kansa. Ko hoto bai nuna komai ba, kuna da cutar da za a iya rubutawa a fayil.

Lokacin da ciwon baya ya kama ni ban san haka ba. Likita ya ce ya jiki, sai in ce da sauƙi, alhali na kwana ban runtsa ba. A zatona juriya nake yi. To abin da na faɗa shi aka rubuta, da shi kuma aka auna maganina. Haƙuri da ƙaddara daban, ɓoye wa likita gaskiya daban. Ku samu littafi ku riƙa rubuta lokacin da ciwon ke tashi, abin da ke tayar da shi, da abin da ya hana ku yi: barci, tafiya, sunkuyawa, zaman aji. "Ba na iya tsayuwar minti goma" ta fi "ina jin zafi sosai" amfani ga likita.

Da na gaji, sai na koma sayen diclofenac da ibuprofen da kaina, ina haɗiya kullum, har na samu gyambon ciki. Waɗannan magunguna in aka daɗe ana sha suna taɓa ƙoda ma. Kada ku bi wannan hanyar, don Allah.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaukar da na yi cewa dokokin magani ba ruwana da su. Ku dubi Amurka. A 2016 hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta fitar da ƙa'idojin rubuta magungunan dangin morfin, masu kashe ciwo mai tsanani, don daƙile jaraba. Aka yi amfani da su da tsauri, aka yanke wa majinyata da dama magani farat ɗaya, suka shiga azaba. Majinyatan da likitocinsu suka yi ta rubuce-rubuce da ba da shaida, har a 2019 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta yi gargaɗi a kan dakatarwar gaggawa, a 2022 kuma aka sake ƙa'idojin. A ƙasashe matalauta matsalar ita ce rashin maganin baki ɗaya: kwamitin mujallar likitanci ta Lancet ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi ɗaya cikin ɗari na morfin da ake rabawa. Masu sikila kuwa sun san ɗacin a kalle su a matsayin masu neman ƙwaya.

Ku nemi ƙungiyar masu irin cutarku, in babu ku kafa. In za ku rubuta wa shugabannin asibiti ko 'yan majalisa, ku ambaci Sanarwar Montreal ta 2010, wadda ta ce samun kulawar ciwo haƙƙi ne na ɗan Adam. Sannan ku nemi abu takamaimai: a saka gashin ƙashi da ganin masanin halayyar ɗan Adam cikin inshorar lafiya, a horar da ma'aikatan jinya kan auna ciwo, kada kuma a rage wa majinyaci magani ba tare da an zauna da shi ba.