Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Keken Kawu

Makon jiya na tsaya a inda na fara ganin keken tseren guragu a wayar abokina. Taya uku gare shi: manya biyu a baya da suka karkata ciki ta sama, da ƙarama ɗaya can gaba. Ba shi da feda irin ta keken guragun da nake tuƙawa tun ina firamare. Durƙusawa mutum yake yi a ciki, ƙirji kan gwiwa, yana naushin zoben taya. Da na ji kuɗinsa a dala, na san ko gonar Baba aka sayar ba za ta kai ba.

Sai na kai wa Kawu hoton a shagonsa na walda, wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina. Ya jujjuya wayar ya ce, "Ɗan nan, wannan ai amalanke ce ta yi boko. Je ka nemo tayoyin keke." Da bututun ruwa da guntayen rodi ya haɗa shi cikin kwana tara. Nauyi kuwa kamar injin markaɗe. Safar hannu babu, tsohon tif muka yayyanka na naɗe, amma duk da haka satin farko sai da tafukana suka saɓule. Gwaggo ce ke shafa mini man kaɗanya tana mita: "Shan-inna ta bar maka hannuwa, kai kuma ka rantse sai ka ƙarasa su."

Ana sallame Asuba nake fita, kafin 'yan acaɓa su cika titi, in nufi filin wasa na Muhammadu Dikko da ke Karkanda. Wata safiya cikin hunturun 2019 na tsaya bakin hanya ina haki, sai wata mota ta rage gudu, aka sauke gilashi, aka miƙo naira hamsin. "Ga sadaka, a sa mu a addu'a."

Na ce, "Alhaji, atisaye nake yi."

Ya dube ni, ya dubi keken, ya saki kuɗin a ƙasa ya ja motarsa. Ban ga laifinsa ba, alheri ya nufa. A garinmu gurgu a bakin titi fassararsa ɗaya ce. Kuma kada in yi muku ƙarya, na ɗauka na sayi ƙosai. Sai dai da ƙyar ya wuce mini maƙogwaro. A watan da hakan ta faru ne fa na ji a rediyo Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, har an ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su yi mana hanyar shiga.

Washegari na isa ƙofar filin, na tarar da wani dattijo mai usur a wuya ya tsura wa tayata ido. Ya ce, "Yaro, wa ya ƙera maka wannan?"

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.