Asabar ɗin da na ƙarar a kan robar mota

Tun bayan sallar asuba na ƙudura yau sai na yi maganin robar motar nan. Juma'a mai zuwa za a kai ƙanwar maiɗakina ɗakinta, kuma surukata ta riga ta aiko cewa motata tana cikin na kai amarya. Jiya da yamma Maman Nana ta leƙo ta taga ta ce, "Abban Nana, motar nan taka fa ta fara furfura." Na yi dariya na wuce, amma da maganar na kwana.

Pontiac Vibe ce ƙirar 2005, 'yar Kwatano, shekararta shida a hannuna. Inji ba ya ba ni ciwon kai, don na Toyota ne mai lita 1.8, irin na Corolla. A wata masana'anta ta haɗin gwiwar General Motors da Toyota da ke Kalifoniya aka ƙera ta. Matsalarta ɗaya, irin wadda aka bar wa robar ƙasa ba fenti ce: bamba gaba da baya, kewayen tayoyi, da gindin ƙofofi duk roba ce zalla. Lokacin da na saye ta robar tana da duhunta. Yanzu ta koɗe ta yi fari-fari kamar ƙafar yaron da bai shafa mai ba a hunturu.

Da can nakan bar wa yaran wurin wankin mota. Su shafa mata man nan da suke goga wa taya, ta fito tana walƙiya, ni ma in fito ina jin kaina. Kwana biyu ƙura ta manne a kan man, ta koma ta fi da muni. A hunturun bara wani yaro har man birki ya ɗauko zai shafa, Allah ya sa ina tsaye a wurin. Man birki cin fenti yake yi, in ya ɗiga a ƙofa ba a goge da wuri ba sai dai a nemi mai fenti.

Ƙarfe tara na kama hanyar Ƙofar Ruwa wajen wani mai fenti da muka daɗe da sani. Na nuna masa, ya goga babban yatsansa a bamba, ya nuno min yatsan ya yi fari kamar ya taɓa alli. Ya ce, "Yallaɓai, wannan ba datti ba ne, rana ce ta cinye ta. Ko wanki ɗari ka yi haka za ta zauna."

Gaskiyarsa. Yawancin irin wannan roba folifurofilin ce da aka cakuɗa da baƙin garin kabon, shi ke ba ta launi, shi ne kuma ke kare ta daga hasken rana mai ƙuna. Shekara da shekaru hasken da iska suna tsinka ƙwayoyin fatarta ta sama, ta yi ƙananan tsagu da ido ba ya gani, ta zama gari. Haske in ya faɗa kan wannan gautsin sai ya watse, shi ne ake ganin fari. Baƙin yana nan a ƙasa, saman ne ya mutu. To mota da ke wuni a filin ofis cikin watan Afrilu a Kano, zafi yana haura digiri 40, ba rumfa ba bishiya, me ake jira?

Yaron mai fentin ya ce a bari ya ƙona min ita, minti ashirin an gama. Ya ɗauko na'urar nan mai hura zafi, mai kama da abin busar da gashi, ya gwada a kan wata tsohuwar bamba da ke yashe a gefe. Wallahi abin kamar siddabaru, duk inda bakin na'urar ya bi sai baƙi ya biyo shi. Har na fara cewa to a yi. Sai maigidan nasa ya ce in matso in duba da kyau. Layi-layi ne, wani wuri ya fi wani duhu, kuma inda yaron ya ɗan daɗe robar ta yi santsi tana ƙyalli, ƙurajen jikinta sun narke. Robar tana narkewa ne a wajen digiri 160, na'urar kuwa tana iya wuce 500. Ya ce narkar da saman kawai ake yi, bayan 'yan watanni farin ya dawo, kuma duk ƙonawa robar ƙara bushewa take har wata rana ta tsage. Na ce wa yaron ya mayar da abinsa, Allah ya yi albarka.

Abin da mai fentin ya ba ni shawara shi na saya: wata 'yar kwalbar rinin roba mai baƙin kabon a ciki, sai sifirit, da salatif ɗin takarda na masu fenti. Kuɗin kwalbar ya ɗan sosa min rai, ba ta kai tsawon tafin hannuna ba.

Bayan azahar na ja motar ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, na jira robar ta huce. A nan na gane ashe wankin shi ne aikin. Omo da buroshi, na dirje kowane lungu, na ɗauraye, na bari ta bushe ƙayau. Na ɗauka na gama. Da na jiƙa farin tsumma da sifirit na goga, sai ga shi ya fito ruwan ƙasa yana maiƙo, man tayar shekara shida ne ke fita. Tsumma uku na ɓata kafin na samu wanda ya fito da haskensa. A lokacin robar ta fi ko yaushe muni, fara fat, har maƙwabcina da ya zo wucewa ya tsaya ya ce, "Malam, gyara ake ko ɓatawa?"

Nana ce ta riƙe min salatif, ina mannawa a bakin fenti tana yankewa. Sannan na ɗiga rinin kaɗan a soso na fara daga bambar baya, inda in na yi kuskure ba kowa zai lura ba. Robar ta shanye shi kamar busasshiyar ƙasa ta samu ruwan farko. Na bar shi kamar minti biyu, na goge abin da ya rage da busasshen tsumma. Baƙi ne mai kwanciya, ba ƙyalli, na taɓa ban ji maiƙo ba. Kewayen tayar gaba ta dama, ɓangaren da ya fi shan rana a wurin da nake ajiye ta, sai da na yi masa shafi biyu. Sau ɗaya hannuna ya zame rinin ya hau ƙofa, na yi maza na goge da sifirit kafin ya kama.

Abin da na manta shi ne safar hannu. Ana kiran magariba na duba yatsuna, baƙi ƙirin har ƙarƙashin farce. Sabulu ya ƙi, sai da Maman Nana ta miƙo min kananzir tana dariya, na dirje sosai don kada ya tare min ruwan alwala, na samu raka'a biyu a masallaci ina warin risho.

Rubutun jikin kwalbar ya ce kada ruwa ya taɓa wurin sai bayan wasu awanni, na ja kunnen yaran gida kada wanda ya yi min gwaninta da bokiti da safe. Robar gindin gilashin gaba, inda waifa ke kwanciya, ban kai gare ta ba duhu ya yi. Sai gobe in Allah ya kai mu, saura kusan rabin kwalba. Litinin kuma zan yi wa mai gadin ofis magana ko zai riƙa tsare min wurin nan na jikin katanga da inuwa ke sauka bayan sha biyu.